Neman Diyya Idan Mugunyar Hanya Ta Lalata Mota: Bayani Domin Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Yawuri

Ko wace shekara, da zarar ruwan Agusta ya zauna, wata ƙara iri ɗaya ta kan yawaita a zaurukan Hakimai na ƙasar Yawuri. Mai mota ya zo, ko mai babur, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya ɗauko shinkafa ko busasshen kifi daga bakin ruwa za shi kasuwa, kwalbati ya burma da shi, ko kuwa ya auka cikin ramin da aka haƙa a tsakiyar hanya ba a sa alama ba. Sifirin ya karye, tayoyi biyu sun fashe, kayan mutane sun zube a taɓo. Abin da ya ke so ya ji guda ɗaya ne: wa zai biya shi?

Amsa iri biyu a kan ba shi, duka biyun kuwa ba su da amfani. Wani ya ce masa ya yi haƙuri, ba a shari'a da Gwamnati. Wani kuma ya zuga shi ya ce lalle Ƙaramar Hukuma ta biya, tun da ya ke ita ke karɓar kuɗin tasha. Na farko ya kashe masa guiwa a inda watakila yana da hakki, na biyu ya tura shi ya ɓad da kuɗinsa a ƙofar da ba ita ba ce. Hakimi ba alƙali ba ne, Malaminsa kuma ba lauya ba ne, amma su ne talaka ya ke fara zuwa wurinsu, abin da suka gaya masa a makon farko shi ya kan gyara maganar ko ya ɓata ta.

HANYAR WA CE?

Wannan ita ce tambaya ta farko, a nan kuma galibin masu ƙara su ke yin ɓatan kai.

Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyin mota kashi uku: manyan hanyoyi na Gwamnatin Tarayya, da na Gwamnatin Jiha, da na En'e. A lokacin nan abin ba shi da wuyar ganewa, gama En'e ta Yawuri tana da leburorinta da masu duba su, Hakimi kuma ya san iyakar hanyar da a ke sharewa da kaka a ƙasarsa. A 1976 aka yi gyaran mulkin ƙananan hukumomi, ayyukan En'e suka koma hannun majalisun da aka kafa, Sarki da Hakimai suka zama masu ba da shawara. Sabo da haka wanda ya ce zai kai ƙarar Masarauta a kan hanya, a sanad da shi cewa Masarauta ba ta da hanya ko taki ɗaya, ba ta kuma da baitulmalin gyaranta.

Kashi ukun nan suna nan har yau, suna ne ya sake. Tsarin Mulki na 1999 ya bar wa Gwamnatin Tarayya gina manyan hanyoyin da Majalisar Ƙasa ta ce nata ne, da gyaransu. Babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta ratsa Yelwa ta bi ta Koko da Jega har Sakkwato, wadda a ke yi wa lamba A1, tana cikinsu. Dokar manyan hanyoyi ta 1971 ita ke mulkinta, Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke gina ta, a 2002 kuma aka kafa hukumar gyaran hanyoyin Tarayya, watau FERMA, domin cike ramuka da ƙananan gyare-gyare. Ko a tsakiyar garin Yelwa rami ya ke, in dai bisa wannan hanya ne, ba na Ƙaramar Hukumar Yawuri ba ne. Kashi na biyu hanyoyin Jihar Kebbi ne, Ma'aikatar Ayyuka ta Birnin Kebbi ke da su. Kashi na uku shi ne na ƙananan hukumomi, watau Yawuri da Ngaski da Shanga. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora musu gina hanyoyi da tituna da magudanan ruwa da kiyaye su, gwargwadon yadda Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. Hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka da tungayen masunta a bakin tafkin Kainji galibinsu a nan su ke.

Wurin da a ke ruɗewa shi ne inda wata hukuma ta gyara hanyar wata. Jiha ta kan zuba kwalta a titin cikin gari, ko ta gyara hanyar Tarayya da kuɗinta ta jira a mayar mata. Wani lokaci kuma hukumar raya yankunan madatsun ruwa ce ta gina kwalbatin, ko ɗan majalisa ya kawo aikin. Kada Malamin Hakimi ya yi kintace. Ya tafi ya karanta allon da ɗan kwangila ya kafa, gama a kan rubuta wanda ya ba da aikin da wanda ya karɓa. In babu allo, ya rubuta wa Daraktan Ayyuka na Ƙaramar Hukuma ya tambaya, ya nemi amsa a rubuce. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta tilasta wa hukumomin Tarayya su amsa irin wannan tambaya cikin kwana bakwai.

WANDA YA HAƘA DA WANDA YA BARI

Sanin mai hanya bai ƙare magana ba. Shari'a ta raba tsakanin abu biyu waɗanda a idon direba duk ɗaya ne, ya kamata ko wane Malami ya riƙe wannan bambanci sosai, domin a kansa ƙara ke tsayawa ko ta faɗi.

Abu na farko, hukuma ta yi aiki, ta yi shi da ganganci. Ma'aikatanta sun yanke hanya za su sa kwalbati, dare ya yi suka tashi, ba shinge, ba fitila, ba ko ganga da aka jera. Ko an juye tifa guda ta tsakuwa a kan kwana aka bar ta. Ko an buɗe murfin lambatu ba a mayar ba. Ko an karkatar da motoci ta wata ɓarauniyar hanya wadda ba za ta ɗauki nauyinsu ba. A nan hannun hukuma ne ya kawo haɗarin, shari'a kuma ta yarda a bi ta diyya.

Abu na biyu, hukuma ba ta yi kome ba. Ruwa ya ci kwalta, ramin da bara bai fi faifai ba bana ya isa ya haɗiye taya, ba wanda ya zo. Mai mota zai ce ai wannan ya fi muni, kuma a ganin mutane yana da gaskiya. Amma tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila ta ce hukumar hanya ba ta biyan diyya a kan bari kawai. Asalin abin tun 1788 ne. Wasu mutane suka kai ƙarar jama'ar gundumar Debon, sabo da wata gada ta lalace har keken kayansu ya ɓaci. Alƙalai suka kori ƙarar, suka ce jama'ar ba su da asusun da za a biya daga ciki, ɗaya daga cikinsu ma ya nuna gara mutum ɗaya ya ɗauki asara da a buɗe ƙofar da za ta dami jama'a duka. Ingila da kanta ta ga rashin adalcin wannan ƙa'ida, ta soke ta da doka a 1961. A yau can, bisa dokar hanyoyi ta 1980, wajibi ne hukuma ta kiyaye hanya, in an yi ƙararta kuwa sai ta nuna littattafan da ke shaida tana zagayawa tana dubawa tana gyarawa kafin ta kuɓuta. Abin lura shi ne, Nijeriya ta gaji shari'ar Ingila ne yadda ta ke ran 1 ga Janairu 1900. Sokewar 1961 ba ta ƙetaro ba. Sabo da haka lauyan hukuma yana iya tasowa da tsohuwar ƙa'idar nan a kotu, mai ƙarar da hujjarsa ita ce rami ya daɗe ba a cike ba yana da tudu a gabansa. Lauyansa zai dogara ne ga cewa doka ta ɗora wa hukumar kiyaye hanya, an kuma sanad da ita haɗarin sau da yawa ta yi biris. Ana iya yin wannan gardama, amma ba wanda ya isa ya yi wa mai mota alkawarin zai ci.

Malaman fiƙihu ba za su ga wannan rabo baƙo ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya bisa hanyar jama'a, ko ya ɗaure dabba, ko ya yi wani abu makamancin haka a inda bai halatta gare shi ba, in abin ya halaka wani. Wanda ya yi abin da ya halatta ya yi kuwa, babu lamuni a kansa. Hakimin da ya bayyana wa mai ƙara magana ta wannan fuska ya kan sami saurin fahimta.

Akwai na uku, wanda mutanen bakin ruwa suka sani. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya kan hau ya sauka ko wace shekara, hanyar da mota ke bi da rani ta zama fadama da kaka. Ambaliya irin ta watan Satumba na 2020, wadda ta ci gonakin shinkafa da gadoji a Jihar Kebbi, ba laifin ma'aikaci ba ce. In ruwa ya yanke gada da tsakar dare mota ta auka kafin gari ya waye, da wuya a sami wanda za a kama. Amma in an kwana goma da yankewar, hukuma ta sani, ma'aikatanta sun zo sun gani, ba ta tare hanyar ba, ba ta sa alama ba, to magana ta sake kama.

WA'ADI

Mutane da yawa masu hakki sun rasa hakkinsu ba don rashin shaida ba, sai don kwana ya ƙure musu.

Akwai dokar kāre ma'aikatan Gwamnati, wadda aka yi tun 1916, jihohin Arewa kuma suna da irinta. Ta ce wanda zai yi ƙarar ma'aikaci a kan abin da ya yi, ko ya ƙi yi, cikin aikinsa na hukuma, lalle ya shigad da ƙarar cikin wata uku daga ranar da abin ya auku. A 1998 Kotun Ƙoli, cikin wata shari'a da ta taso daga Jihar Kaduna, ta yanke cewa kariyar nan ba ta tsaya ga mutum ba, har hukumar kanta ta shafa. Wata uku ke nan, ba shekara ba. In ya wuce, alƙali ba zai ko duba hotunan ba. Dokar ta yi togiya a kan cutarwa mai ci gaba, amma kotuna sun fassara wannan da cewa aikin da ke cutarwar ne ya ci gaba, ba zafinsa ba. Motar da ta yi wata biyar a gareji ba ta tsayad da lissafi.

Sa'an nan ga sharaɗi na biyu. Dokar En'e ta 1954 ta hana a yi ƙarar En'e sai an ba ta takardar sanarwa an jira wata ɗaya, dokokin ƙananan hukumomi da na hukumomin Tarayya da yawa kuma sun gaji wannan sharaɗi. A 1971 Kotun Ƙoli ta duba shi cikin wata shari'a da wani mutum ya yi da Hukumar Katsina. Ta ce manufar sanarwa ita ce kada a yi wa hukuma ba-zata, ta sami sarari ta bincika ta shirya. Ta kuma ce in hukuma ta shiga shari'a ba ta yi maganar rashin sanarwa ba, to ta yafe. Kada mai ƙara ya dogara ga wannan, gama lauyoyin hukuma na yanzu da shi su ke fara buɗe baki.

In an haɗa sharuɗɗan biyu za a ga inda tarkon ya ke. A ce haɗari ya auku ran 10 ga Agusta. Wata uku zai cika wajen 10 ga Nuwamba. Tun da ya ke sai sanarwa ta yi wata ɗaya kafin a shiga kotu, lalle ta isa hannun hukuma kafin 10 ga Oktoba. Ashe abin da ke hannun mai mota wata biyu ne, daga ciki kuma zai yi jinya, ya nemi kuɗin gyara, ya yi ta zuwa sakatariya ana ce masa Ciyaman ya tafi Birnin Kebbi, ya dawo jibi. Zirga-zirgar nan ba ta tsayad da wa'adi. Alkawarin baki ba ya tsayad da shi, ko zaman sulhu a zauren Hakimi. Shawarar da ta fi ita ce a kai sanarwa cikin mako biyu na farko, sa'an nan a zauna sulhu da kwanciyar rai.

Ɗan kwangila dabam ne. Kamfani ne mai neman riba, dokar 1916 ba ta rufe shi ba, wa'adin ƙararsa shekaru ne. In shi ya haƙa ramin, sau da yawa ya fi sauƙin kamawa, ya kuma fi son a gama magana a gareji da a kai shi gaban wanda ya ba shi aikin. Duk da haka lauya ya kan so a haɗa shi da hukumar cikin ƙara ɗaya, don haka a riƙe gajeren wa'adin.

SHAIDA

Rami ba ya jira. Wanda aka yi shekara ana kuka da shi, ran da ya karya motar mai baki sai a wayi gari an cike shi. Sabo da haka shaidar da ba a ɗauka ran farko ba ta tafi.

A ɗauki hoto kafin a ja motar: na ramin, da na motar a cikinsa ko kusa da shi, da wani daga nesa wanda ya nuna gida ko itace ko allon da za a gane wurin, ya kuma nuna babu shinge. A sa sanda cikin ramin a auna zurfinsa. Kada a sayad da wayar da ta ɗauki hoton, gama dokar shaida ta 2011 tana neman a kawo bayanin na'urar da aka yi amfani da ita kafin kotu ta karɓa. A kai rahoto wurin 'yan sanda ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ran nan, a nemi jami'in duba motoci ya duba ya rubuta. A rubuta sunayen waɗanda suka gani, fasinja da mutanen wurin, an fi son wanda ba ɗan'uwan direba ba ne ba kuma yaron motarsa ba. Bakanike ya rubuta abin da ya lalace da kuɗin ko wane ƙarfe kafin ya kwance, a karɓi rasit a shagon kayan gyara, a ajiye karyayyen sifirin da fasasshiyar taya. Kotu ba ta biyan kuɗin gyara da ƙiyasi. Abin da ba shi da takarda kamar ba a kashe shi ba ne.

Mai mota kuma ya duba kansa tun kafin a duba shi. Lasin ɗinsa na tuƙi yana da rai? Takardun mota fa? Buhu nawa ya ɗora, nawa aka yarda motar ta ɗauka? Fitilunsa biyu ke ci ko ɗaya? Shari'a ta yarda a raba asara gwargwadon laifi. A ce gyara ya ci Naira 300,000, alƙali ya ga direba yana gudun da ya wuce kima da dare a hanyar da ya ke bi kullum, ya ce sulusin laifi nasa ne, to 200,000 zai samu. Akori-kurar da aka yi wa lodin albasa har ta durƙusa, in sifirinta ya karye, da wuya a ce rami kaɗai ya karya shi.

TAKARDAR SANARWA

Wannan aikin Malamin Hakimi ne in mai ƙara bai sami lauya da wuri ba. Abu huɗu dole su fito a ciki: sunan mai ƙara da mazauninsa, da abin da ya faru, da dalilin da ya sa a ke ɗora wa hukumar laifi, da abin da a ke nema. Ga yadda za ta kasance:

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar ......, ta hannun Sakatare.

Ranka ya daɗe. Gaisuwa da ladabi. Bayan haka, ni ......, mazaunin unguwar ...... a garin ......, ina sanad da kai cewa ran ...... ga watan ......, wajen ƙarfe ......, motata mai lamba ...... ta auka cikin ramin da ma'aikatan Hukumarka suka haƙa bisa hanyar ......, daidai ......, aka bar shi ba shinge, ba fitila, ba wata alama. Abin da ya lalace shi ne ....... Gyara ya ci Naira ....... Motar ta kwana ...... ba ta aiki, abin da ta ke kawowa a yini Naira ....... Jimla Naira ....... Ina roƙo a biya ni wannan kuɗi. In wata ɗaya ya cika daga ranar da takardan nan ta iso ba a biya ba, ina da niyyar kai ƙara kotu in nemi hakkina. Ga hotuna da rasit da rahoton 'yan sanda na haɗo. Haza wassalam.

A yi ta da Hausa yadda mai ƙara zai ji abin da ya sa wa hannu, a haɗa da fassarar Turanci. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya a ofishin Sakatare, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, a komo da ita. Takardar da aka ba Kansila a gidan suna ya sa aljihu ba ta isa ba. Kada kuma a cika ta da zagi ko tarihin ɓarnar hukuma tun daga 1991 da aka yanke Jihar Kebbi. Magana ɗaya, rami ɗaya, rana ɗaya. In hanyar ta Jiha ce, takarda ta tafi ga Kwamishinan Ayyuka, kwafi ga Antoni-Janar na Jiha. In ta Tarayya ce, ga Kwanturolan Ayyuka na Tarayya a Birnin Kebbi da ofishin FERMA.

BAYAN SANARWA

In hukuma ta kira a yi sulhu, abin da ya fi ke nan, ko da za a rage wani abu. A rubuta abin da aka shirya da ranar biya, kowa ya sa hannu. Tun ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na asusun Tarayya kai tsaye, amma hukunci dabam, kuɗi a hannun Ma'aji dabam, don haka kada a karɓi "sai kuɗi sun zo" ba tare da rana ba.

In aka yi shiru, mai mota yana da ƙofa biyu. Ɗaya Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a Birnin Kebbi. Ba a biyan ko kwabo, tana karɓar kuka cikin wata goma sha biyu daga aukuwar abin, tana da ikon kiran ma'aikaci ta tambaye shi. Sai dai shawara ta ke bayarwa, ba ta tilastawa, ba ta kuma taɓa maganar da ke gaban kotu, zuwa wurinta kuwa ba ya tsayad da wata ukun nan. Ƙofa ta biyu kotu ce, nan kuma sai da lauya, domin zaɓen kotun da ta dace ma kansa ilmi ne, wanda ya kai ƙara inda ba a da ikon jinta zai fito ya tarar wa'adi ya wuce. Talakan da samunsa bai kai mafi ƙarancin albashi ba yana iya neman lauya kyauta a Hukumar Taimakon Shari'a, gama dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar haɗari.

Wajibi ne a gaya wa mai mota gaskiya tun da fari. Shari'a da hukuma ta kan ɗauki shekaru. In ya ci ma, sashe na 84 na dokar zartad da hukunci ya ce sai an nemi yardar Antoni-Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun ma'aikacin Gwamnati. Wanda taya ɗaya ta fashe masa, kuɗin mota zuwa kotu zai fi kuɗin tayar, takardar kuka ta ishe shi. Wanda motarsa ta tashi daga aiki, ita ce kuwa abincin gidansa, ga hoto, ga shaidu, ga ramin da hannu ya haƙa, wannan kada a hana shi. In an yi rauni mai tsanani ko an rasa rai, magana ta fi ƙarfin zaure, a nemi lauya a makon nan.

A kan tambayi inshora. Wadda galibin direbobi ke yanka ita ce ta wajibi, wadda aka ɗora tun dokar 1945. Daga 1 ga Janairu 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan uku. Dukiyar wani fa, ba ta mai motar ba. Cikakkiyar inshora ce kaɗai ke gyara motar mai ita in rami ya karya ta.

ABIN DA KE HANNUN HAKIMI

An ga a baya cewa ƙarar bari ba ta da ƙarfi sai an nuna hukuma ta sani. A nan ne littafin Hakimi ya ke da daraja fiye da yadda a ke zato. Ya kamata ko wane ofishin Hakimi ya buɗe littafi guda na hanyoyi. Dagatai da masu unguwa su riƙa kawo labarin kwalbatin da ya tsage, da gadar da ruwa ya fara ci ta ƙarƙashi, da ramin da ɗan kwangila ya bari. Malami ya rubuta rana da wuri da wanda ya kawo labari, ya rubuta wa mai hanyar, ya aika kwafi Majalisar Mai Martaba Sarkin Yawuri, ya rubuta ranar da amsa ta zo, in ba ta zo ba ya bar gurbin fari ya sake aikawa. Injiniyan da ya san akwai takarda uku masu hatimi a kan kwalbati ɗaya ya fi saurin tashi, in kuwa bai tashi ba aka yi haɗari, takardun nan su ne shaidar da mai mota ba zai iya ƙirƙirowa ba.

In aka nemi Hakimi ya ba da takardar shaida, ya rubuta abin da idonsa ya gani ko na wakilinsa, da ranar da aka gani. Kada ya rubuta wane ne mai laifi, kada ya sa hatimi a kan kuɗin gyaran da bai sani ba. Hatimin da aka kama da ƙari sau ɗaya ba ya sake amfanin talaka na gaba.

Saura haɗarin da ba hukuma ta kawo ba, wanda kuma ba kaɗan ba ne a wannan ƙasa. Da kaka a kan shanya shinkafa a gefen kwalta a tare ta da duwatsu, a kwashe shinkafar a bar duwatsun. Mota ta kan lalace, yaran mota su yi mata waigi da dutse su jera ganye, in an gyara su tashi su bar kome a wurin. Mutanen unguwa su kan yanka titi su wuce da bututun ruwa, ko su gina tudun rage gudu da dare bayan mota ta buge yaro, ba fenti, ba allo, tsayinsa ya isa ya fasa tankin mai. Ɓacin ransu gaskiya ne, amma a shari'a wanda ya sa abin shi ke da lamuni, ba wa'adin wata uku da zai kāre shi, dokar 1971 kuma ta ba Gwamnati ikon bin wanda ya ɓata hanyar Tarayya kuɗin gyara. Garin da ke son tudun rage gudu ya rubuto ta hannun Dagaci, Hakimi ya kai maganar ga mai hanyar da Hukumar Kiyaye Haɗurra, a zo a auna a yi shi da alama. Masu unguwan da ke bakin babbar hanya kuma a umurce su su riƙa zagayawa da magariba lokacin shanya, su tabbata an kwashe duwatsu kafin motocin dare su fara wucewa.